Ralph Steinman: Masanin da ya gwada rigakafin cutar daji a jikinsa, kyautar Nobel ta zo kwana 3 bayan mutuwarsa

Da safiyar Litinin 3 ga Oktoban 2011, kwamitin kyautar Nobel da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya sanar da mutum uku da suka lashe kyautar fannin likitanci ta wannan shekara. Rabin kyautar ya tafi ga Bruce Beutler na Amurka da Jules Hoffmann na Faransa. Ɗaya rabin kuma aka ware shi ga mutum ɗaya tak, Farfesa Ralph Steinman na Jami'ar Rockefeller da ke New York.

Abin da kwamitin bai sani ba shi ne, Steinman ya kwana uku da barin duniya. Ya mutu tun ranar Juma'a 30 ga Satumba yana da shekara 68, saƙon albishir ɗin kuwa iyalinsa ya iske suna cikin makoki.

Cutar dajin fankiriyas ce ta yi ajalinsa, ɗaya daga cikin nau'o'in cutar daji mafi saurin kisa. Akasarin waɗanda aka gano musu ita a matakin da aka gano tasa ba sa wuce shekara guda. Shi kuwa ya yi shekara huɗu da rabi yana aiki, yana tafiye-tafiye, yana kuma karɓar magungunan gwaji har guda takwas, ciki har da alluran rigakafi uku da suka dogara kan wasu ƙwayoyin halitta da shi da kansa ya gano tun 1973.

Har yau babu likitan da zai iya rantsuwa cewa waɗannan alluran ne suka tsawaita kwanansa. Dalilin hakan wani darasi ne da ya shafi duk wanda ke da majinyaci a gida.

Ɗan mai kantin tufafi

An haifi Ralph Marvin Steinman ranar 14 ga Janairun 1943 a birnin Montreal na ƙasar Kanada, a gidan Yahudawa masu 'ya'ya huɗu. Ya tashi a garin Sherbrooke da ke lardin Quebec, inda mahaifinsa ke da kantin sayar da tufafi. A garin ya yi sakandare, kuma yakan taya aiki a kantin idan ba ya makaranta.

Bai gaji kasuwanci ba. Ya shiga Jami'ar McGill da ke Montreal, ya kammala digirin kimiyya a 1963, sannan ya tsallaka Amurka zuwa makarantar koyon likitanci ta Harvard, inda ya fito da sakamako mai daraja a 1968. Ya yi aikin sanin makama a babban asibitin Massachusetts da ke Boston.

A shekarun nan ne wata tambaya ta shiga ransa. Masana sun riga sun san cewa a jinin mutum akwai wasu ƙwayoyi da ake kira limfosayit, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki. Kowane rukuni daga cikinsu yana da irin abokin gabar da yake iya ganewa. Abin da ba a sani ba shi ne wa ke tashin su idan cuta ta shigo. Gwaje-gwajen ƙarshen shekarun 1960 sun nuna cewa idan aka ware dakarun su kaɗai a kwanon gwaji aka zuba musu ƙwayar cuta, ba sa taɓuka komai, sai an haɗa su da wasu ƙwayoyi mataimaka da ake samu a saifa. Su wane ne waɗannan mataimaka, babu wanda ya tantance.

A 1970 Steinman ya koma Jami'ar Rockefeller, ya shiga ɗakin binciken Zanvil Cohn da James Hirsch. Bai sake barin jami'ar ba har mutuwarsa, shekara 41.

Abin da ya gani a saifar ɓera

Zanvil Cohn gwani ne kan wasu manyan ƙwayoyi da ake kira makarofaj, masu haɗiye ƙwayoyin cuta da dattin jiki. Kusan kowa a fannin ya ɗauka su ne mataimakan da ake nema. Steinman ya fara aiki da wannan zato, amma abin da ya riƙa gani shi ne makarofaj suna narkar da abin da suka haɗiye ƙurmus, ba sa barin wata alama da za su nuna wa dakarun.

Sai ya koma kan saifar ɓera, yana duba ƙwayoyinta da madubin ƙara girma. A cikinsu ya lura da wata ƙwaya da ba ta yi kama da kowace ba. Tana da rassa kamar bishiya, tana miƙa su tana janyewa, kuma ba ta da cin makarofaj. Yawanta bai fi ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyin saifar ba. A 1973 shi da Cohn suka wallafa bayaninta a mujallar Journal of Experimental Medicine, suka raɗa mata suna dendiritik, daga kalmar Girkanci mai nufin bishiya. Da Hausa ana iya ce musu ƙwayoyi masu rassa. Lokacin yana da shekara 30.

Domin fahimtar aikinsu, a ɗauki misalin Birnin Damagaram a ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye birnin da ganuwa ya kuma tanadi bindigogi da mayaƙa. Ganuwa ita ce fatar mutum. Masu tsaron ƙofa da ke damƙe duk baƙon da ba su yarda da shi ba su ne makarofaj. Mayaƙan da ke zaune cikin birni su ne limfosayit, musamman waɗanda ake kira ƙwayoyin T. Amma komai yawan mayaƙa, ba sa hawa doki sai wani ya dawo daga bakin daji da shaida a hannu, ya ce ga irin tutar maharan, ga inda suka dosa. Ƙwayoyi masu rassa su ne waɗannan 'yan leƙen asiri. Suna zaune a fata da hanci da huhu da hanji, su gutsuri wani yanki na ƙwayar cuta, su ɗauke shi zuwa kaluluwa ko saifa, su nuna wa ƙwayoyin T, su kuma ba su izinin fita yaƙi.

Kusan shekara 20 ana yi masa kallon mai tatsuniya

Duniyar kimiyya ba ta karɓi maganar hannu biyu ba. Ƙwayoyin ba su da yawa, ware su daga saifa aiki ne mai wahala, kuma ɗakunan bincike da dama sun gwada sun kasa. Wasu suka ce makarofaj ne kawai da suka canza kama. Wasu suka ce kuskuren aiki ne. A tarurrukan masana ya sha tambayoyi masu zafi.

Steinman bai sauya fanni ba. A 1978 ya nuna cewa ƙwayoyi masu rassa sun ninka sauran ƙwayoyin saifa kusan sau 100 wajen tayar da ƙwayoyin T. Ɗalibinsa Michel Nussenzweig ya samar da wani sinadari da ke manne wa ƙwayoyin su kaɗai, wanda ya ba da damar tsame su daga cikin sauran, kuma da zarar an tsame su sai martanin garkuwar jiki ya faɗi warwas.

A 1985, tare da Gerold Schuler ɗan ƙasar Ostiriya, ya nuna cewa wasu ƙwayoyi da ke fatar mutum da ta dabba dangin masu rassa ne da ba su kai ƙarfi ba, sai sun ci karo da haɗari suke nuna. Wani ɗalibin likitanci Bajamushe mai suna Paul Langerhans ne ya fara ganin waɗannan na fata tun 1868, amma ya zaci na jijiya ne. Shi dai wannan Langerhans, shekara guda bayan haka, shi ya gano tarin ƙwayoyin da daga baya aka san su ne ke samar da insulin a cikin fankiriyas, gaɓar da ta zama sanadin ajalin Steinman.

Abin da ya kawo ƙarshen gardamar ya zo ne a farkon shekarun 1990. A 1992 Kayo Inaba, masaniya daga Kyoto ta ƙasar Japan da ta daɗe tana aiki da shi, tare da abokan aikinta, suka fito da hanyar renon ƙwayoyin da yawa a ɗakin gwaji. Wasu masana a Turai ma suka samo hanyar yin haka daga jinin mutum. Daga nan kowa ya iya gwadawa ya gani da idonsa. Zanvil Cohn ya mutu a 1993, daidai lokacin da aka fara yarda da su.

Steinman ya zama cikakken farfesa a 1988. Lambobin yabo suka biyo baya: ta Robert Koch a 1999, ta Gairdner a 2003, sai ta Lasker a 2007, wadda ake ɗauka a matsayin mafi girma a fannin binciken likitanci a Amurka. Ɗakin bincikensa ya kuma nuna cewa ƙwayar cutar HIV na fakewa da masu rassa ta isa ga ƙwayoyin T, sannan masu rassa ne ke koya wa dakarun jiki su ƙyale gaɓoɓin jikin da suke karewa.

Rigakafin da ake yi bayan cuta ta kama

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani, domin abin da aka sani shi ne allurar da ake yi wa mai lafiya kafin ƙyanda ko sanƙarau su zo. Irin wadda Steinman ya sa a gaba daban take, ana yin ta ne ga wanda cutar daji ta riga ta kama.

Matsalar cutar daji ita ce ba baƙuwa ba ce. Ƙwayoyin jikin mutum ne da kansu suka kangare suna hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, shi ya sa dakarun jiki kan wuce su ba tare da sun gane ba, kamar ɓarawon da ke cikin gida. Dabarar ita ce a ɗebi jinin majinyaci, a reni ƙwayoyi masu rassa daga ciki, a nuna musu alamomin ƙarin da aka ciro daga jikinsa, sannan a mayar da su ta allura domin su kai wa ƙwayoyin T rahoto.

A Afrilun 2010 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da Provenge, maganin farko da aka gina kan wannan dabara, domin cutar dajin furostet da ke kama maza. Gwajin da aka yi a kan ɗaruruwan majinyata ya nuna yana ƙara kimanin wata huɗu a tsawon rayuwa. Ci gaba ne, amma ya yi nisa da waraka.

Ranar da idanunsa suka yi rawaya

A Maris ɗin 2007, bayan dawowarsa daga wata tafiya jihar Colorado, ciwon ciki ya dame shi, sai kuma shawara ta bayyana a idanunsa da fatarsa. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙari mai faɗin kimanin santimita shida a fankiriyas, kuma cutar ta riga ta kai ga kaluluwar da ke kewaye.

Fankiriyas wata doguwar gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi. Aikinta biyu: samar da ruwan da ke narkar da abinci, da kuma insulin mai daidaita suga a jini. Saboda tana can ƙurya, ƙari kan girma a cikinta ba tare da an ji komai ba. Alamominta, wato shawara, da rama ba dalili, da rashin son abinci, da ciwon ciki mai ratsawa zuwa baya, da ciwon suga da ya zo kwatsam ga mai manyan shekaru, duk sun yi kama da na wasu cututtuka. Shan taba, da ƙiba, da gado na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da ita.

Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ake gano wa cutar a lokacin da tiyata za ta yiwu. A shekarun da Steinman ya kamu, cikin majinyata 100 a Amurka kusan biyar ne ke kai shekara biyar. A yau adadin ya kai kimanin 13. Ƙididdigar hukumar binciken cutar daji ta duniya ta nuna sama da mutum rabin miliyan ne suka kamu da ita a 2022, waɗanda suka mutu kuma sun haura 460,000.

Steinman likita ne, ya san ma'anar waɗannan alƙaluma sarai. A Afrilun 2007 aka yi masa babbar tiyatar da ake kira Whipple a asibitin cutar daji na Memorial Sloan Kettering, wanda ke tsallaken titi da jami'arsa. A irin wannan tiyata ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da maɗaciya, sannan a sake haɗa hanyoyin abinci.

Gwaji takwas a jikin mutum ɗaya

Ba a jefar da ƙarin da aka ciro ba. An yanka shi gunduwa-gunduwa aka rarraba wa tsoffin ɗalibansa da abokan aikinsa a sassan Amurka da Kanada da Jamus. Wasu suka dasa shi a jikin ɓeraye domin gwada magunguna, wasu suka shiga nazarin alamominsa. Michel Nussenzweig da likita Sarah Schlesinger, wadda ta fara aiki a ɗakin bincikensa tun tana 'yar sakandare, su ne suka riƙe ragamar shirin.

Da fari Steinman ya so a bi ƙa'idar bincike: a ba shi magani ɗaya, a auna jininsa, a ga abin da ya haifar, kafin a shiga na gaba. Abokansa suka nuna masa cewa babu wannan lokacin. A nan masani da majinyaci suka yi karo a jikin mutum ɗaya, kuma majinyacin ne ya yi rinjaye.

Ya karɓi maganin kemo na yau da kullum mai suna gemcitabine. A kan wannan aka ɗora alluran rigakafi uku. Ta farko ita ce GVAX, wadda Elizabeth Jaffee ta Jami'ar Johns Hopkins ta daɗe tana gwadawa a kan cutar fankiriyas, kuma aikinta shi ne janyo ƙwayoyi masu rassa zuwa ga alamomin ƙari a cikin jiki. Ta biyu daga kamfanin Argos Therapeutics ta fito, inda aka reni nasa ƙwayoyin aka cusa musu saƙon RNA da aka tatso daga ƙarinsa, dabarar da a lokacin ake gwadawa kan masu cutar dajin ƙoda. Ta uku kuma daga cibiyar Baylor da ke Dallas, wajen Karolina Palucka da Jacques Banchereau, waɗanda ke gwada tasu a kan cutar dajin fata. Ya kuma karɓi ipilimumab, maganin da ke sakin linzamin ƙwayoyin T, da wani maganin gwaji na kamfanin Genentech.

Duk da matsayinsa, babu ko ɗaya da aka yi masa a ɓoye. Kowane magani sai da aka rubuta masa tsari, kwamitin ɗa'a na asibiti ya duba, hukumar FDA ta ba da izini na musamman irin wanda ake bai wa majinyacin da ba shi da sauran mafita. Ya san haɗarin kowanne, kuma da hannunsa ya sa hannu.

A tsakanin allura da allura ya ci gaba da zuwa aiki. Wata shida bayan gano cutar ya karɓi lambar Lasker. Ya ci gaba da aikin editan mujallar da ta wallafa bincikensa na farko, ya kuma ga an fara gwajin matakin farko na wata allurar rigakafin HIV da aka tsara domin ta nufi ƙwayoyi masu rassa kai tsaye. Cutar ta riƙa lafawa tana dawowa. A Satumban 2011 jikinsa ya yi rauni ƙwarai, aka kwantar da shi a asibiti, kuma a nan rai ya yi halinsa. Ya bar mata da 'ya'ya uku.

Kwana biyar bayan haka Steve Jobs na kamfanin Apple ya mutu, shi ma da cutar dajin fankiriyas, sai dai tasa wani nau'i ne daban da ba shi da saurin kisa kamar na Steinman.

Me ya tsawaita kwanansa?

Steinman ya yi imanin cewa ƙwayoyinsa masu rassa sun taimaka, kuma gwajin jininsa ya nuna garkuwar jikinsa ta gane ƙarin. Sai dai abokan aikinsa, waɗanda suka fi kowa son a ce alluran sun yi aiki, sun yarda cewa ba za a iya tabbatarwa ba. An yi masa tiyata. Ƙarinsa ya ji maganin kemo fiye da yadda aka saba gani. An haɗa masa magunguna da yawa a jere. Sannan ko ba tare da maganin gwaji ba, akan samu 'yan tsiraru da ke daɗewa. Mutum ɗaya ba shi da wanda za a gwada shi da shi.

Wannan ne ya sa gwajin magani ke tafiya mataki-mataki. A matakin farko mutane kaɗan ake bai wa domin a ga ko yana da illa. A na biyu ana ƙara yawansu domin a ga ko akwai alamar amfani. A na uku ana raba ɗaruruwa ko dubbai gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su karɓi sabon magani, wasu wanda aka saba, sannan a kwatanta.

Da aka kai biyu daga cikin alluran da Steinman ya karɓa wannan ma'auni, ba su ba da abin da aka yi fata ba. A 2016 wani babban gwaji da ya haɗa GVAX da wata allurar a kan masu cutar fankiriyas da ta bazu bai nuna fifiko a kan kemo ba. Gwajin mataki na uku na allurar Argos a kan cutar ƙoda shi ma an dakatar da shi, kamfanin kuma ya durƙushe a 2018.

Kyautar da ta saɓa wa doka

Tun 1974 dokar gidauniyar Nobel ta hana bai wa mamaci kyauta, sai idan ya mutu bayan an sanar. Kafin dokar an taɓa bai wa Dag Hammarskjöld, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya mutu a hatsarin jirgin sama a 1961 yana kan hanyar sasanta rikicin Kongo.

Da labarin mutuwar Steinman ya isa Stockholm, shugabannin gidauniyar suka yi zaman gaggawa a ranar. Hukuncinsu shi ne kyautar na nan daram, domin an yanke shawarar ba shi ne bisa yaƙinin cewa yana raye. Kasonsa shi ne rabin kuɗin Suwidin krona miliyan 10. Ranar 10 ga Disamban 2011 matarsa ta karɓi lambar daga hannun Sarkin Suwidin.

Inda aikin ya kai a yau

A Mayun 2023 mujallar Nature ta wallafa sakamakon wani gwaji na matakin farko da likita Vinod Balachandran ya jagoranta a Memorial Sloan Kettering, asibitin da aka yi wa Steinman tiyata. An yi wa majinyata 16 tiyatar fankiriyas, aka aika ƙarin kowannensu Jamus, inda kamfanin BioNTech, wanda ya yi suna da rigakafin korona, ya haɗa wa kowa allurar mRNA tasa ta daban. An tsara allurar ne domin ta isa ga ƙwayoyi masu rassa da ke cikin saifa, gaɓar da Steinman ya fara ganinsu shekara 50 kafin nan.

Garkuwar jikin mutum takwas ta amsa, ta takwas ba ta amsa ba. Bayan shekara ɗaya da rabi cutar ba ta dawo wa ko ɗaya daga cikin waɗanda suka amsa ba. Bayan kimanin shekara uku, shida daga cikinsu na nan ba tare da ita ba, alhali ta dawo wa akasarin ɗaya rukunin. Masu binciken da kansu sun ce mutum 16 sun yi kaɗan, shi ya sa aka buɗe gwajin mataki na biyu mai ɗaukar kimanin majinyata 260 a ƙasashe daban-daban. Kafin a ga sakamakonsa, allurar na nan a matsayin ta gwaji, ba a sayar da ita.

Abin da ya shafi mutanenmu

A ƙasar Hausa kalmar gwajin magani na da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a fayyace musu cewa gwaji ake yi ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta yi kisan. An sasanta da gwamnatin jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75.

Amma gwaji ne kuma ya samar da MenAfriVac, rigakafin sanƙarau da aka auna a ƙasashe irin su Mali da Gambiya da Indiya kafin a ƙaddamar da ita a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disamban 2010. Tun daga lokacin nau'in sanƙarau na A, wanda ya saba yi wa yankin ɓarna duk lokacin zafi, ya kusa ɓacewa. Bambancin yana ga bin ƙa'ida: sanin majinyaci da yardarsa, sa idon hukuma, da bayyana sakamako ko mai daɗi ko mara daɗi.

Ga majinyacin Damagaram, maganar allurar mRNA na da nisa. Sai a 2021 Nijar ta samu na'urar gashin cutar daji ta farko, a cibiyar ƙasa da ke Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Da yawa Kano suke nufa saboda ta fi kusa, wasu kuma 'yan'uwa da ke ƙetare ne ke haɗa kuɗin fitar da su waje. A irin wannan hali ne ake cin karo da tallace-tallace a Facebook da TikTok da WhatsApp, daga mai sassaƙe har asibitocin kuɗi na ƙasashen waje da ke sayar da allurar dendiritik da tsada, kowa na nuna hoton mutum ɗaya da ya ce ya warke.

Mutumin da ya gano waɗannan ƙwayoyin ya samu kulawar manyan masanan duniya, ya kuma zarce kwanakin da likitoci suka yi masa hasashe nesa ba kusa ba, amma duk da haka abokansa ba su kafa hujja da labarinsa ba. Kafin iyali su sayar da gona ko su tura kuɗin da aka tara da gumi a ƙasar waje, akwai tambayoyi uku da suka cancanci amsa: mutum nawa aka gwada wa maganin, da wa aka kwatanta su, kuma wace hukuma ce ta amince da shi. Idan kuma shawara ta bayyana ga babban mutum tare da rama, asibiti ya kamata a fara nufa a ɗauki hoton ciki, domin har yanzu tiyata da wuri ce babbar damar da mai cutar dajin fankiriyas ke da ita.